Rijiyar Baba

Daren Talata, tsakiyar damina, Roni

Yau ma leɓen jaririyata Sa'adatu ya yi shuɗi, numfashinta sama-sama. Malamin asibitin En'e ya zo daga Kazaure, ya tambayi abin da take sha tun da nonon uwarta ya ƙafe. Na ce madara ce, muna sirkawa da ruwan rijiyarmu. Ya zagaya bayan gida, ya ga takin gonar gyaɗa jibge dab da rijiyar, ruwan sama na wanke shi yana nutsewa ƙasa. Ya ce Baturen likita ya gargaɗe su, irin wannan ruwa yana cutar jarirai ko an tafasa shi.

Da na gaya wa Baba, sai ya ja guga ya sha a gabana.

"Da hannuna na haƙa ta. Ita ta raine ka."

"Allah ya huci zuciyarka, Baba," kawai na iya cewa.

Na kasa cin tuwo. Gobe da asuba zan ɗebo ruwa a rijiyar kasuwa. Ban san yadda zan wuce ta gaban Baba da tulun ba.