Daliyar da Kika Ba Ni Ta Buɗe Ido

Zuwa ga Herminia, sarauniyar kasuwar furanni, sanyin safiyar ruwan Xochimilco, zumar da ke sa ƙudan zuma ɓatan hanya, wadda in ta yi dariya agwagi ke daina iyo su saurara.

Gaisuwa daga Crescencio mai tuƙa kwalekwale, wanda rabonsa da cin abinci cikin natsuwa tun watan Maris.

Kin tuna ranar da na zo rumfarki da sabuwar riga, na shafe gashin baki da mai, na ce ina son ki? Ba ki ce e ba, ba ki ce a'a ba. Kika sunkuya ƙarƙashin tebur kika ɗauko wata saiwa mai kama da busasshen dankali, kika ce, "Malam Crescencio, marigayi mijina ko ƙaya aka ba shi sai ta bushe, ni ma saura kaɗan. Wannan daliya ce, gajeriya, ba ta wuce gwiwa. In ta yi fure kafin idin Maryamu na watan Agusta, ka dawo mu yi magana."

Ya hasken idona, kin san abin da kika ɗora mini kuwa?

Ina isa gida na ajiye ta na tafi neman tukunyar shuka. Na dawo na tarar Yaya Casilda ta ɗora ruwa a wuta, wuƙa a hannu, tana cewa, "Ƙato da kai, wannan ne cefanen?" Da ƙyar na ƙwace aurena daga bakin wuƙa.

Na shuka ta cikin baƙar ƙasar bakin ruwa, na riƙa ba ta ruwa safe da rana da yamma, don a ganina haka ake nuna ƙauna. Sai ganyenta ya fara rawaya. Da na kawo miki kuka, kika dube ni da idanun nan masu kama da taurarin damina, kika ce, "Kifi na ba ka? Ka tsoma yatsa a ƙasa, in da danshi ka ƙyale ta." Har yau wannan faɗan na yi mini zaƙi a kunne. Kika kuma ce in tsinke kanta don ta yi rassa. Ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba! Na tsaya a kanta ina ta jinkiri, har Yaya ta zo wucewa da wainar masara a baki, ta sa farce ta tsinke, ko waiwaye ba ta yi ba.

Sai katantanwa suka ji labari. Aminina Abundio ya ce a zuba giya a kwano a ajiye gefen tukunya, za su faɗa ciki. Kullum da yamma yakan zo "duba tarko". Kwano ya riƙa ƙarewa tas, ganye ma haka, Abundio yana komawa gida da waƙa. Yanzu da hannuna nake tsince su da sassafe, in sa su a kwalekwale in tsallakar da su can ƙetare.

Amma ranar Talata ce ta kusa kashe ni. Ina tsakiyar ruwa da 'yan biki da makaɗansu, sai gari ya yi baƙi, na ji ƙanƙara ta fara buga rufin kwalekwalen. Ban nemi izinin kowa ba, na juya kwalekwale na nufi gida. Uwar amarya tana ihu, "Malam, ina za ka kai mu?" Na ce mata wajen mara lafiya. Muna isa na yi tsalle na faɗa kan tukunyar na rufe ta da ƙirjina, ƙanƙara tana dukan bayana kamar ana sussukar masara. Makaɗan suka fake a rumfarmu suka ci gaba da busa. Ubangidana mai kwalekwalen ya ce in huta a gida sai ya neme ni.

Duk tohon da ta yi ya kakkarye, saura guda ɗaya. Yau da safe ya buɗe, Herminia, tun idin Maryamu bai zo ba. Ja wur, tsakiyarsa ruwan zinariya, bai kai tafin hannuna ba, amma na rantse ko rana sai da ta rage gudu a kansa. Me wata zai nuna mini bayan wannan? Wane lambu ne zai yi mini burga?

Ki zo ranar Lahadi, ya ruwan sanyi a maƙogwaron mai ƙishi. Ba zan iya kawo ta kasuwa ba, ina tsoron cunkoso da gwiwar hannun mutane. Ki zo ki gani da idonki, ki faɗi abin da za ki faɗa. In e ce, zan kula da ke damina da rani, in san lokacin magana da lokacin yin shiru. In a'a ce, zan ci gaba da wucewa ta gaban rumfarki har gashin bakina ya yi fari fat.

Yaya tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki, in kin yarda kin ɗauke ni, za ta haɗa miki da tukunyar kyauta.

Naki, yau da gobe, har ruwan Xochimilco ya ƙafe,

Crescencio