Rufin da Mutanen Milan Ke Bin Layi Su Gani

Milan, Nuwamba 1952

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Yayana Oronzo ya sami aiki kuwa?

Ni lafiya lau nake. Tarin ya yi sauƙi, miyar kabeji kuma ba ta kashe ni ba tukuna. In da hali, ki aiko mini safar ulu.

Mama, an buɗe nunin aikina, kuma na fita kunya. Ban rataya hoto ko ɗaya ba. Ɗakin gaba ɗaya na shafe da baƙin fenti, na huhhuda rufinsa, na sa fitilu ta sama. Sinyor Galbiati, ɗan jaridar da ya taɓa kirana 'yar ƙauye, ya shigo yana lalube.

"Yarinya, ina zanen yake?"

Na ce, "Ai kana tsaye a cikinsa, yallaɓai."

Ya ɗaga kai, sannan ya cire hularsa kamar ya shiga coci.

Kin tuna rufinmu da yaƙi ya huhhuda, muna kallon taurari ta ciki, kina kuka? Shi mutanen Milan ke bin layi su gani. Amma ki sa Oronzo ya toshe naku kafin ruwa ya sauko.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Cosima