Lamba Ta Tara Bayan Birgil

Gaya, daren Laraba

Sun dawo mini da aikina. Tun kafin azumi nake fama da fonksiyon gamma ɗin nan, wata dabarar lissafi, ina son a saka lissafina cikin bibliyotek, wato rumbun lissafin da masu rubuta program ke ɗauka kyauta. Yau mai dubawa ya amsa a taƙaice: daga lamba ta tara bayan birgil, wato waƙafin da ke raba cikakkiyar lamba da guntayenta, amsata ƙarya ce.

Raina ya ɓaci, har na fara rubuta masa baƙar magana. Sai na tuna da me na gwada. Da kalkilatiris ɗin shagon Baba! Ita lamba takwas kawai take nunawa, su kuma masu bibliyotek goma sha biyar suke so. Ashe duk murnar da na yi ta yi, ni da ita makanta ɗaya ke damunmu. Wani wuri ina ɗebe lambobi biyu masu kusan kai ɗaya, nan komai ke zubewa. Gyaran na nufin in rushe rabin aikin.

Bayan magariba Baba ya ga fuskata, ya ce, “Kai, wa ya rasu?”

Na yi masa bayani. Ya ce, “Lamba ta tara? To wa ta kashe?”

Na shiga laluben misalin da zan ba shi, don na san akwai.

Ya ce, “Gobe da asuba ka same ni tasha, akwai lodin albasa daga Tanda.”

Na ce to, Baba. Abin da ya fi ci mini rai, da na ce to ɗin sai na ji sanyi, kamar an sauke mini nauyin gyaran.