Tanderun Babanki

Auta 'yata,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da mijinki da 'yar jikata mai kuka. Da fatan kuna lafiya, kuma ciwon bayan da kika ce yana damunki ya sake ki. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kin yi ƙorafi wai ba na sakin baki a waya. Kin dai san gidan nan, in na yi tari a kicin ana ji a ƙofar gida. Ciwon da ya shanye wa Babanki ɓarin jikinsa na dama kuwa bai taɓa kunnensa ba ko kaɗan, sai ma ƙara masa kaifi da ya yi. Shi ya sa na koma takarda, don in gaya miki abin da ke raina ba tare da an ɗaga mini gira daga falo ba.

Ƙafarsa ta yi sauƙi, yana zuwa ƙofar gida da sanda. Hannun ma yana riƙe cokali. Likita ya ce mu gode Allah, kuma muna godiya. Abin da ke ba ni tsoro shi ne shirun. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana fentin motoci, wanda in yana faɗa a gareji ana jiyo shi daga bakin titi, yau sai ya wuni a kujerar taga, in na yi magana goma ya ba ni amsa da "to" guda ɗaya. Na fi son ya yi mini faɗa, wallahi.

To, kayan da kika aiko sun iso: ƙananan motocin roba uku da ake harhaɗawa, da 'yan kwalaben fenti, da 'yar bindigar feshin nan mai kama da biro. Ya kalle su ya ce wasan yara ne, a ajiye wa jikarsa. Na bar kwalin a kan tebur inda sai ya ture shi kafin ya ajiye kofin shayi. Ana nan wata safiya na fito na same shi ya baje komai, yana zagin wanda ya zana hoton bayan kwalin, wai bai san shuɗi ba.

Ya harhaɗa ta farko, hagu na aiki, dama na danne masa. Ya fesa mata fenti, ya ajiye ta a taga ta bushe. Sai dai ruwan saman nan ya ƙi ɗaukewa, komai na gidan ya yi danshi, fentin ya ƙi bushewa. Da rana wani ƙuda ya zo ya sauka a kan bonet ɗin ya maƙale, kyanwarmu kuma ta ƙara masa da gashinta. Auta, da kin ji abin da ya fito daga bakin Babanki. Ya zagi ƙudan, ya zagi kyanwar, ya haɗa da ni da na bar taga a buɗe. Na shige kicin ina dariya har da hawaye, don rabona da wannan murya tun kafin asibiti.

Yanzu ya ce ba a barin fenti a iska kamar wanki. A gareji suna da ɗakin da suke shigar da mota su gasa fentin da zafi, ƙura ba ta shiga, don haka shi ma sai ya haɗa ɗan tanderu daidai waɗannan ƙananan motocin. Tun jiya nake ganin yana kallon ƙaramin kabad ɗina na kofuna, irin kallon da ban yarda da shi ba.

Ki sumbatar mini jikata, ki gaida mijinki da kyau.

Taki har kullum,
Mamarki

*

Auta 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Yaya aiki, yaya rainon? Na ji an ce haƙori ya fara fitowa, Allah ya sa a yi shi cikin sauƙi.

Kabad dai ya tafi. Kofunana suna nan jere a kan firij kamar 'yan gudun hijira. Bari in lissafa miki ɓarnar da aka yi mini, don in kin zo kada ki tambaya. Takardar ƙarfen nan mai sheƙi da nake naɗe abinci da ita, ya shafe cikin kabad ɗin da ita kaf, wai tana mayar da zafi. Ya huda rami a baya ya maƙala 'yar fankar da ya ciro daga tsohuwar kwamfutarki, sannan ya yanke sabuwar rariyata ya rufe ramin don kada ƙura ta shiga. Ya yanka taga a ƙofar, ya sa gilashi don ya riƙa leƙen motar. Gilashin daga ina? Hoton bikinki yanzu tsirara yake a bango, ki yi haƙuri.

Maƙwabcinmu mai gyaran lantarki shi ya zo ya ja masa waya. Ya sa ƙwan fitila biyu a ƙasa, irin na da masu zafi, da wani makunni da ake murzawa, in an murza hasken ya ƙaru zafi ya ƙaru. Bawan Allah har da kawo ma'aunin zafi ya ce a rataya a ciki. Babanki ya mayar masa da abinsa. Ya ce shi tun yana saurayi da bayan hannunsa na dama yake auna zafin ɗakin fenti, bai taɓa ƙona motar kowa ba, ba yau za a koya masa da ɗan ƙarfe mai allura ba. Maƙwabcin ya dube ni, na dube shi.

Ni kuwa an kafa mini doka. Lungun falon nan na bayan labule ya zama gareji, kuma kin san dokar gareji tun kuna yara: iyakata bakin ƙofa da kofin shayi. Wai zanina yana kwaso ƙura. Na ce masa kabad ɗina ne, rariyata ce, amma ba ni da izinin leƙawa? Ya ce in kai ƙara.

Amma Auta, yana cin abinci. Yana aske gemu ba sai na yi magana ba. Shekaranjiya ya zaunar da ni ya yi mini bayanin bambancin fentin ƙasa da na sama har shayina ya huce, ban fahimci rabin abin ba, amma ban so ya daina ba. Da muka je asibiti likita ya tambaye shi hannun, ya ce garau yake, har yana nuna masa yadda yake riƙe bindigar feshi. Na dawo gida zuciyata fari ƙal.

Ya fara mota ta biyu, ja ce. Ya ce ita za ta fara shiga tanderu. Allah ya saka miki da alheri, 'yata, kin san Babanki fiye da yadda na zata.

Mai ƙaunarki,
Mamarki

*

Auta,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, yau hannuna ba ya son biro.

Jar motar ta lalace. Ba ita ce damuwata ba, amma bari in fara daga nan.

Ya fesa mata fenti mai kyau, har ni daga bakin labule na ga tana ɗaukar ido. Ya sa ta a tanderu ya kunna. Can ya buɗe, ya zura bayan hannunsa na dama, ya ce da sauran sanyi, ya ƙara murza makunnin. An jima ya sake zurawa, ya sake ƙarawa. Ina kicin na ji warin roba. Kafin in fito rufin motar ya lotsa, ƙofofinta sun bankaɗe, ta lanƙwashe kamar ayaba.

Na karya doka na shiga. Na taɓa ƙofar kabad ɗin, ba shiri na janye hannuna. Shi kuwa yana tsaye yana cewa ƙwayayen fitilar ne na banza, robar ce ta banza, ai zafin bai kai ko'ina ba. Don ya nuna mini sai ya sake zura hannun ya bar shi a ciki kusa da fitilar. Ina kallon fatar tana yin ja, fuskarsa ko gezau. Na fizgo hannun. Sai ya sa na hagu, ya janye da sauri kamar yadda na yi.

Ya daɗe yana kallon hannun nan nasa na dama. Na zaunar da shi. Na kawo ruwan sanyi na tsoma masa, yana zaune kamar yaro.

Hannun ba ya jin zafi, Auta. Yana motsi, yana riƙo, amma ba ya bambance zafi da sanyi. Sai yanzu na tuna tun da muka dawo daga asibiti bai taɓa cewa kofin shayi ya ƙona shi ba, mutumin da a da kullum sai ya yi mita. Ina jin ya daɗe yana zargin haka, ya ƙi gaya wa likita, ya ƙi gaya mini, ya ƙi yarda shi kansa. Wannan hannun shi ya ciyar da mu, shi ya biya muku makaranta, da shi yake alfahari. Yau ya yi masa ƙarya a gabana.

Ya lulluɓe tanderun da tsohon zanin gado, ya koma kujerar taga. Mun koma "to". Ina tsoro ƙwarai, don wancan karon bai san abin da ya rasa ba, wannan karon ya sani.

In kin kira kada ki tambaye shi motar. Ki ba shi labarin jikarsa kawai. Ki yi mana addu'a.

Mamarki

*

Auta 'yata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki, da mijinki, da mai haƙori biyu. Na ji daɗin muryarku ranar nan, kuma na gode da kika riƙe bakinki, na san ba ƙaramin aiki ba ne a wajenki.

Mun koma asibiti a duba ƙunar. Tun a hanya na shirya zan tona masa asiri ko zai yi fushi da ni shekara. Ban samu dama ba. Likita na kwance bandejin, Babanki ya ce masa hannun ba ya jin zafi, kuma ya daɗe da sani. Haka ya faɗe shi kai tsaye, idonsa a ƙasa. Likitan bai yi masa faɗa ba. Ya ce jin yana iya dawowa a hankali, yana iya ƙin dawowa, a dai kiyaye shi da wuta da ruwan zafi.

Da muka dawo shirun ya ci gaba. Na gaji. Wata rana da hantsi na yaye zanin gadon nan na fara ɓare takardar ƙarfen da ƙarfi don ya ji, na ce tunda an rufe gareji zan mayar da kofunana. Daga taga ya ce in cire hannuna daga kayan mutane. Na ce kayan wa? Ya taso da sandarsa, ya manna takardar da na ɓare, yana ta mita wai na yaga masa kusurwa.

Washegari ya aika aka karɓo ma'aunin zafin maƙwabci ya rataya a ciki. Sun zauna shi da maƙwabcin sun yarda roba ba ƙarfe ba ce, zafi kaɗan take so. Ya harhaɗa mota ta uku, ya fesa mata kore. Ina bakin labule da shayi, ina jiran a karɓa in juya, sai ya ce in ajiye kofin in shigo.

Na zata ban ji daidai ba. Ya ce ma'aunin nan ƙarfe ne, ba shi da fata, ba zai ba shi amanar motarsa ta ƙarshe shi kaɗai ba. Hagunsa kuma baƙo ne a wannan sana'a, sannan shi ke kan makunni. Ya ce in ara masa hannuna.

Ya juya mini shi, wai ba da tafi ake ji ba, da baya ne, kuma ba a taɓa komai, iskar ake saurara. Na zura. Ya ce me na ji? Na ce kamar ruwan wankan jariri. Ya ɗan murza. Na ce yanzu kamar goshinki ranar da zazzaɓi ya kama ki kina aji ɗaya. Ya ƙara kaɗan, ya dubi allurar ma'aunin, ya ce nan ne, in riƙe wannan zafin a kaina kada in manta. Ya rufe ƙofar.

Muka zauna gefe da gefe a kan benci muna leƙen 'yar koriyar mota ta gilashin hotonki. Lokaci lokaci ya buɗe in zura hannu in ba da rahoto, kamar sabon ma'aikaci. Ta fito sumul, Auta, ba ƙura, ba ƙuda, har fuskata na gani a jikin ƙofarta. Ya ce da sauran gyara a wajen fitilun baya, kin san shi, ba zai taɓa cewa abu ya yi ba.

Ya ce in gaya miki ki aiko da wasu motocin, da takunkumin fuska ƙarami, don nasa yana rufe mini ido, kuma wai zai fara koya mini feshi in na yi hankali.

Abu ɗaya ban gaya miki ba. Duk zaman da muka yi a kan bencin nan, bai saki hannuna ba, kuma da na daman ya riƙe ni. Na tambaye shi ko yana jin wani abu. Ya ce ɗumin dai ba ya ji, amma yana jin nauyinsa, kuma wannan ya ishe shi zama. Na kau da kai na ce warin fenti ne ya shiga mini ido.

Ki gaida kowa da kowa, ki kula da kanki.

Taki mai ƙaunarki,
Mamarki