Yatsu Biyun da Kika Ceto

Zuwa ga mahaifiyata, Iya Talatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan Allah Ya kai haske makwancinki. Ni ne Habu. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma yau bakina ba zai rufu ba.

Bana da aka hana shigo da alkama, kowa a Bunkure ya zama manomin alkama, har Baffa Ilu, ƙanen Baba, wanda rabonsa da gona tun kina amarya. Shi ne ya tara dangi a kan gonar rani da Baba ya bar mini. Wai mai shanyayyen hannu ba ya ban ruwa, gara a damƙa masa ita, ni kuma a nema mini inuwa a bakin titi a Kano. A gabana ya faɗa, Iya, ko kunya babu.

Kin tuna bayan shan inna ta cinye mini hannun hagu, tsokar ta zube har ya koma kamar kara? Kullum da safe sai kin murza shi da man kaɗanya, sannan ki dire mini ƙwaryar gyaɗa ki ce da shi zan ɓare. Ina kuka, kina tsaye a kaina kina cewa, "Naman da ya rage shi za mu sa aiki." Wallahi a lokacin na tsane ki. Yatsu biyu kacal suka farfaɗo.

Ranar Talata da aka sako ruwa daga madatsa na ce Baffa ya zo ya gani. Na nutsa bututun zuƙo ruwa a kwatar ban ruwa, na toshe bakinsa da tafin dama, na maƙale shi da yatsun nan biyu na tsallakar da shi kan kunyar gona. Ruwa ya kama zuba cikin gona. Na jera bututu goma sha biyu, babu wanda ya yanke. Baffa ya ce rana ta yi zafi, ya wuce.

Ke kaɗai zan faɗa wa: kafaɗar dama ta fara ciwo, don ita ke ɗaukar aikin biyu. Ina gasa ta da ruwan zafi. Amma gonar nan ba mai karɓarta ina numfashi.

Ki yafe mini hararar da na riƙa yi miki. Allah Ya jiƙan ki, Ya sa kowace gyaɗa da na ɓare a mizaninki. Da yatsun nan biyu na danne takardar nan har na gama rubutawa.

Ɗanki,
Habu