Ƙuri'ar da Aka Ba Maƙwabciyata Aro

Withington, Manchester
7 ga Yuni, 2015

Zuwa ga Baffa Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Goggo Hajar da duk mutanen gida. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, ya kai mu azumi da rai da lafiya. Mu ma lafiya lau muke. Maigidana Ja'afar ya miƙa babi na uku na binciken digirinsa, ni kuma ina ta fama da nawa.

Baffa, ka ce ka ji a rediyo mutanen Ireland sun jefa ƙuri'ar amincewa da auren jinsi, ka tambaye ni yadda aka yi ƙasar da aka sani da riƙo da ɗariƙar Katolika ta yi haka. Ban san zuciyar ƙasa guda ba, amma zan ba ka labarin mutum ɗaya da na sani.

Maƙwabciyarmu ce, sunanta Bernadette, tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai shekara saba'in da ɗaya. 'Yar Ireland ce, amma ta fi shekara arba'in a Manchester. Ba ta fashin coci, carbinta kullum yana cikin aljihun rigar sanyinta. Lokacin da na kwanta zazzaɓi bara, ita ta riƙa kawo mini miya, sai da ta tambayi inda ake sayar da naman halal a unguwar Rusholme ta hau bas ta sayo. Ɗanta ɗaya, Declan, yana zaune a Birmingham da wani namiji. Shekara tara kenan ba ta taka gidan ba, sai dai shi ya zo shi kaɗai.

Da yake ta daɗe a waje, ba ta da ikon jefa ƙuri'a. Sai ƙanwarta Nuala ta bugo daga can, ta ce mata: "Ni ba ni da ɗa, ke ba ki da ƙuri'a. Faɗa mini inda zan dangwala tawa."

Mako guda ta yi ba ta ba da amsa ba. Ta je wurin fada, wato limamin cocinsu, ya ce mata koyarwar coci ba ta sauya ba, aure tsakanin mace da namiji ne, amma ɗanta yana nan ɗanta. Ta ce mini ya faɗi gaskiya biyu, ya bar ta ta ɗauke su ita kaɗai. 'Yan cocin ma sun rabu: wata ƙawarta ta ce duk wanda ya amince ya saɓa wa Allah, wasu kuma 'ya'yansu har sun sayi tikitin komawa Ireland don su jefa ƙuri'ar amincewa. Ana nan ta tambaye ni ra'ayina. Na gaya mata a addininmu haramun ne, kuma da ni ce ba zan amince ba. Na zaci za ta yi fushi, sai ta ce ta gode da ban yi mata ƙarya ba, ta ƙara mini shayi.

Ana gobe zaɓe ta kira Nuala a gabana ta ce mata ta dangwala a wajen amincewa. Ta ajiye waya ta juyo gare ni. Ta ce har yanzu ta yarda da abin da coci ya koyar, amma ba ta so ranar da Declan zai kwanta asibiti a hana wanda ya fi kowa kula da shi shiga, ko da Ireland suka koma. Sakamako ya fito ran Asabar, kusan kashi sittin da biyu cikin ɗari sun amince. Ran Lahadi ta je coci kamar kullum, sai dai ta ce ba ta tashi karɓar jibi ba, wato gurasar da fada ke rabawa a lokacin ibada, a kujerarta ta zauna har aka tashi.

Makon jiya zan je Birmingham duba ƙawata Zainabu da ta haihu, sai Bernadette ta ce mu tafi tare. Muka hau jirgin ƙasa. Declan ya tarye ta a tasha, mutumin nasa yana tsaye can nesa da hula a hannu. Ni na wuce abina. A hanyar dawowa na tambaye ta ko ta gaya wa ɗan nata maganar ƙuri'ar. Ta ce a'a, kuma kada in faɗa, don ba ta so ya ɗauka ta bar addininta. Ta ce sun ci abinci su uku, ta yi addu'a kafin a fara, su biyun suka sunkuyar da kai har ta gama.

Iyakar abin da na gani kenan, Baffa.

Ka gaishe mini da Goggo Hajar, da Yaya Gidaɗo da iyalinsa, da Bilqis, a ce mata yajin ya iso. Ja'afar yana gaishe ka da kyau. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Taka 'yar,
Jamilatu