Tukunyar Baba ta Uku

Tokushima, 9 ga Nuwamba

Yaya Tokiko,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ciwon bayan Mama? Kun gama tsinkar tuffa? Ni lafiya lau nake, tsagewar hannun ma ta yi sauƙi.

Malam Bando mai marinar nan ya damƙa mini tukunyar baba ta uku, wadda baƙi masu yawon buɗe ido ke rina hankici a ciki. Ya ce zamana a nan ya rataya a kanta, in ta mutu sai gida. Ranar biyu ga wata, wata baƙuwa 'yar ƙasar waje ta lafta man shafawa a hannu ta nufo tukunyar, baba kuwa ba ya son mai. Kin san ba ma ce wa baƙo a'a kai tsaye. Na karkata kai na ja numfashi, yadda kowane ɗan ƙasarmu zai gane a'a nake nufi. Ita kuwa ta yi murmushi, ta tsoma hannu har gwiwa.

Washegari kumfar saman ta ɓace, alamar baban ya fara mutuwa. Kwana bakwai ina ba tukunyar dusar alkama da ruwan toka, ina rubuta launinta safe da yamma. Wataƙila ma ba laifin man ba ne, ni ce ban iya ba.

Yau Malam ya ɗanɗana ruwan. Sannan ya ce, "Ta farfaɗo. Fumie, kunyarki ta kusa kashe mini baba. Gobe baƙi takwas ne, ki zo da bakinki."

Na kwance jakar da na ɗaure don komowa gida. Kada ki gaya wa Mama na ɗaure ta. Ki aiko mini da rigar sanyina, Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Fumie